Sirotonin da faɗuwar gaba: abin da ɓerayen ɗakin gwaji suka nuna, da abin da ake laƙa musu

Shin da gaske ne ƙarancin wani sinadari a ƙwaƙwalwa ke sa mutum ya kwana ya tashi gabansa na faɗuwa, alhali ba bashi ake binsa ba, ba kuma wani ya yi masa barazana ba? Ta waya wannan tambaya ta shigo mana. Mai bin TikTok da zaurukan WhatsApp a Garwa ko Marwa ko Ngaundere da wuya a ce bai ci karo da bidiyo iri biyu ba. Na farko, galibi da Faransanci, yana kiran sirotonin "sinadarin farin ciki", ya ce duk mai fargaba nasa ne ya yi ƙasa, sai ya dage da cin ayaba ko ya sayi wasu ƙwayoyi da ake turowa daga waje. Na biyu kuwa cewa yake yi asiri ya tonu tun 2022, Turawa da bakinsu sun amsa cewa babu ruwan sirotonin da ciwon, don haka magungunan asibiti yaudara ce.

Kowane ɓangare yana jingina maganarsa da "bincike ya nuna". Binciken kuwa, kaso mai tsoka a jikin ɓeraye aka yi shi, kuma wanda ya bi shi daki-daki zai ga bai mara wa ko ɗaya daga cikinsu baya ba. Su duka a kan yawa da ƙaranci suke gardama. Ɓerayen wani abu daban suka nuna: sinadarin nan guda ɗaya yana iya kwantar da hankali, yana iya tayar da shi, gwargwadon inda ya sauka a ƙwaƙwalwa, da abin da ya karɓe shi a can, da kuma shekarun mai ƙwaƙwalwar a lokacin.

Wace fargaba ake nufi?

Tsoro ba ciwo ba ne. Wanda ya ji harbi a Kolofata ko Fotokol ya kwanta ƙasa, jikinsa ya yi aikin da aka halicce shi don ya yi. Haka zullumin manomi a Yagwa idan ya ga Logon ya fara cika, bayan abin da ambaliyar 2024 ta yi wa mutane. Abin da likitoci ke kira ciwon fargaba shi ne idan wannan ɗamara ta jiki ta ƙi kwancewa: watanni na wucewa, hatsarin ya gushe ko ma babu shi tun farko, amma zuciya na bugawa, barci ya ƙaurace, tunani ya ƙi tsayawa, har abin ya hana mutum kasuwa ko makaranta. Akwai mai zullumin komai kullum. Akwai wanda firgici ke auko masa farat ɗaya, numfashi ya sarƙe, ya sadaƙar mutuwa ce ta zo, bayan 'yan mintuna abin ya lafa. Akwai wanda shiga taro kawai ke sa gumi ya karyo masa.

A asibitocinmu ba wanda ke zuwa ya ce yana da ciwon fargaba. Abin da ake ji shi ne "Likita, gabana ke faɗuwa", ko "ƙirjina ya yi nauyi", ko "wani abu ke yawo a kaina". Sau da yawa sai an sha maganin zazzaɓin cizon sauro, an bi da na taifot, an je wurin malam an yi ruƙiyya, sannan wani ya yi tunanin ko abin daga can ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba, wato kusan kashi 4 cikin 100 na mutanen duniya. Mata sun fi maza yawa a ciki, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa. A shekarar ce kuma hukumar ta fitar da wani ƙiyasi a mujallar Lancet: a wuraren da ake rikici, mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Ga yankin da ya shafe shekara goma da ɗoriya yana fama da Boko Haram, mai sansanin 'yan gudun hijira na Minawao tun 2013, wannan ba labarin nesa ba ne.

Sirotonin da makarɓansa

A hanji aka fara gano sinadarin, ba a kai ba. Wani masani ɗan Italiya, Vittorio Erspamer, ya ci karo da shi a shekarun 1930 a bangon hanji. A 1948 Maurice Rapport da Arda Green da Irvine Page suka tace shi daga jini a birnin Cleveland na Amurka. Sai a 1953 Betty Twarog ta nuna yana cikin ƙwaƙwalwa. Har yau kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jikin mutum a hanji yake, yana taimaka wa motsinsa. Wannan na hanji ba ya ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwa, domin akwai shinge tsakanin jini da ita da ke tace abin da zai shiga. Nan maganar ayaba ta rushe: ayaba na da sirotonin, gaskiya ne, amma ba ya isa inda ake so ya isa. Ƙwaƙwalwa da kanta take ƙera nata, daga wani sinadari da ke cikin nama, ƙwai, madara, gyaɗa da wake.

Masu ƙera shi wasu 'yan ƙwayoyin jijiya ne da ke can gindin ƙwaƙwalwa, ba su da yawa, amma rassansu sun bazu kusan ko'ina. Idan suka saki sinadarin, ba ya yin komai sai ya tarar da makarɓi, wato wani ɗan furotin da ke jikin ƙwayar da ake aika wa saƙon. Bayan ya isar da saƙo kuma, akwai wani furotin da ke kwashe shi ya mayar da shi inda ya fito.

Makarɓan nan ba iri ɗaya ba ne. An san guda 14, an kasa su gida bakwai, ana kiransu 5-HT1 zuwa 5-HT7 (5-HT sunan sirotonin ne a taƙaice), da haruffa a gaba don bambanta 'yan gida ɗaya. Wani idan ya karɓi saƙon sai ya sa ƙwayar ta yi lakwas, wani kuma sai ya zaburar da ita. Kamar dogarin Lamiɗo ne ya tsaya a ƙofar gida ya ce ana kira a fada. Kalmar ɗaya ce. A gidan mai jiran a naɗa masa rawani guɗa za a yi. Wanda aka kai ƙararsa kan gona kuwa, cikinsa ne zai ɗuri ruwa.

Shi ya sa magungunan da ba su da wata alaƙa a idon mai saye duk suke taɓa sirotonin. Ondansetiron, da ake ba masu amai bayan tiyata ko maganin daji, toshe 5-HT3 yake yi. Wasu magungunan ciwon ɓarin kai ta 5-HT1B da 5-HT1D suke aiki. Ƙwayoyin da ke sa mutum gane-gane, irin su LSD, 5-HT2A suke kamawa.

Ta yaya ake gane ɓera na fargaba?

Ba a tambayarsa, kallonsa ake yi. Ɓera dabba ce mai son leƙe-leƙe, amma yana tsoron fili da haske da tudu, don nan ne shaho da kyanwa ke samunsa. A kan wannan ja-in-ja tsakanin son sani da tsoro aka gina gwaje-gwajen.

Wanda aka fi amfani da shi wani katako ne mai siffar alamar tarawa, an ɗaga shi kusan rabin mita daga ƙasa. Hannuwa biyu suna da bango, biyu a buɗe suke. Ana ajiye ɓera a tsakiya, a ba shi minti biyar, a ƙirga lokacin da ya yi a buɗaɗɗun hannuwan. Wanda ya maƙale cikin bango ana rubuta shi a matsayin mai fargaba. An amince da gwajin ne tun shekarun 1980, saboda idan aka ba ɓera diyazefam, maganin kwantar da hankali, sai ya fito fili ya yi ta yawo. Akwai kuma akwati mai ɗaki biyu, duhu da haske. Akwai wanda ake hana ɓera abinci na kwana guda, sannan a sa masa ƙwayar abinci ɗaya a tsakiyar baƙon fili, a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin yunwa ta rinjayi tsoro.

Abin da ya sa ɓera ya zama dabbar wannan fage shi ne ana iya cire masa ƙwayar gado guda ɗaya tun yana ƙwai, a haife shi babu wani makarɓi kwata-kwata, a kwatanta shi da 'yan uwansa. Wannan fasaha ce ta sa aka ba Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies kyautar Nobel a 2007. Ga saurin haihuwa: mako uku ne cikin ɓera.

Ɓerayen 1998, da abin da ya biyo baya

A 1998 ɗakunan bincike uku a Amurka, na René Hen a Jami'ar Columbia, da na Miklos Toth, da na Laurence Tecott a San Francisco, kowanne ya samar da ɓeraye marasa makarɓin 5-HT1A. Ba tare suka yi aikin ba, jinsin ɓerayensu ma ya bambanta, amma sakamako ɗaya suka samu: ɓerayen sun fi 'yan uwansu gudun fili, sun fi maƙalewa jikin bango. A ilimin ɗabi'ar dabbobi ba kasafai uku ke dacewa haka ba, shi ya sa maganar ta zauna. Ta kuma yi daidai da abin da aka riga aka sani a asibiti, domin busfiron, maganin fargaba da aka amince da shi a Amurka tun 1986, wannan makarɓin yake tayarwa.

Da a nan aka tsaya, da sai a ce an gama: wanda ba shi da isasshen 5-HT1A shi ne mai fargaba, a ba shi abin da zai tayar da shi. Sai a 2002 Cornelius Gross da abokan aikinsa a ɗakin Hen suka wallafa wani gwaji a mujallar Nature da ya dagula lissafin. Sun ƙera ɓeraye da za a iya kunna musu makarɓin ko a kashe shi a gaban ƙwaƙwalwa a duk lokacin da aka ga dama, ta hanyar zuba musu doksisikilin a abinci (e, wannan dai da ake sayarwa a famasi). Da suka bar ɓera ya girma da makarɓinsa, sannan suka kashe shi bayan ya balaga, ba abin da ya canza, ɓeran ya ci gaba da yawonsa kamar kowa. Da suka hana shi makarɓin a makonni uku na farkon rayuwa, sannan suka kunna masa daga baya, ɓeran ya tashi mai fargaba, kuma dawowar makarɓin ba ta gyara shi ba.

A ganina wannan ne sakamako mafi nauyi a duk wannan fage, kuma shi ne wanda masu bidiyo ba su taɓa ambata. Ma'anarsa, sirotonin ba saƙon yau kaɗai yake kaiwa ba. A ƙuruciya yana cikin masu tsara yadda jijiyoyin za su haɗu da juna, kuma tsarin da aka yi a lokacin shi ke bin dabba har girma. Fargabar babban ɓera na iya zama sawun abin da ya faru tun yana shan nono, ko da a yau komai na ƙwaƙwalwarsa ya cika cif.

Shekara biyu bayan haka Mark Ansorge da Jay Gingrich suka zo ta ɗaya gefen. Sun ba jariran ɓeraye fuloksetin, maganin da aka sani da Prozac, daga kwana 4 zuwa kwana 21 da haihuwa. Maganin nan aikinsa shi ne hana kwashe sirotonin, don ya daɗe yana aiki, kuma a jikin manya rage fargaba yake yi. Amma waɗannan jarirai da suka girma sai suka fito masu ɗari-ɗari. Haka ɓerayen da aka haifa babu furotin mai kwashewar: sirotonin ya yi musu yawa tsawon rayuwa, kuma sun fi fargaba. A Balin ta Jamus kuwa an samar da ɓeraye da ƙwaƙwalwarsu kusan ba ta ƙera sirotonin sam. A gwaje-gwajen fili ba su nuna ƙarin fargaba ba, raguwa ma suka nuna, sai dai faɗa kamar me. Duk mai cewa "ƙaranci ne ke kawo fargaba" sai ya yi mana bayanin waɗannan.

Me ya sa magani ke fara tsananta ciwo kafin ya sauƙaƙa?

Wannan tambaya ce da likitoci suka daɗe suna fama da ita. Magungunan rukunin fuloksetin, waɗanda ake taƙaita sunansu da ISRS a takardun Faransanci, SSRI a na Turanci, suna ƙara sirotonin cikin sa'o'i. Amma sauƙi ba ya zuwa sai bayan mako biyu zuwa shida, kuma wasu a kwanakin farko abin ƙaruwa yake yi: rashin barci, rawar jiki, bugun zuciya. Da ƙaranci ne ciwon, ai da ranar farko aka warke.

Ɓeraye sun ba da amsa biyu. Ta farko, 5-HT1A wuri biyu yake zama. Yana jikin ƙwayoyin da ake aika wa saƙo, yana kuma jikin masu sakin sirotonin ɗin su kansu, inda aikinsa shi ne idan ya ji sinadarin ya yi yawa ya sa su rage. To da an fara shan magani, sirotonin ya taru, sai wannan na biyun ya danne masu sakin. Sai bayan makonni, idan ya gaji ya daina amsawa sosai, sannan maganin ke samun fili. Pierre Blier da Claude de Montigny a Montreal ne suka fara nuna haka a jikin manyan ɓeraye a shekarun 1980. A 2010 kuma aka nuna a Columbia cewa ɓerayen da ke da wannan makarɓi da yawa a jikin masu sakin ba sa jin fuloksetin, amma da aka rage musu shi kafin a fara ba su, sai suka ji.

Amsa ta biyu ta fi ba da mamaki. Akwai makarɓan da aikinsu ƙara fargaba ne. A 2006 aka ruwaito a mujallar Science cewa ɓeraye marasa 5-HT2A sun fi 'yan uwansu ƙarfin halin shiga fili, kuma da aka mayar musu da shi a ɓawon ƙwaƙwalwa kaɗai sai ɗari-ɗarinsu ya dawo. Marasa 5-HT2C ma fargabarsu ta ragu, ko da yake sun biya da tsada: ci ba ƙoshi, ƙiba, da farfaɗiya. A 2016 ɗakin Thomas Kash a Jami'ar North Carolina ya bi wata hanya guda, daga masu sakin sirotonin zuwa wani ɗan gungu da ke maƙwabtaka da cibiyar tsoro, wato ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke tayar da jiki idan an ga hatsari. Sun yi amfani da haske wajen kunna jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, suka ga sirotonin da ya sauka a can ta 5-HT2C tsoro da fargaba yake ƙarawa, kuma ta wannan hanya ce fuloksetin ke tayar wa ɓera hankali a farkon shansa.

Wannan bayani yana da amfani a aikace. Mara lafiya da ba a gaya masa ba, idan ya sha ƙwaya kwana huɗu ya ji abin ya ƙaru, cewa zai yi maganin bai karɓe shi ba, ya watsar.

Inda ɓera ya tsaya

Ɓera ba ya kwana yana lissafin kuɗin haya, ba ya tuna ranar da aka ƙona ƙauyensu, ba ya jin kunyar surukai. Abin da ake aunawa a katakon nan gudun hatsari ne, kuma Joseph LeDoux, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin cibiyar tsoro a ƙwaƙwalwa, ya daɗe yana gargaɗin kada a ɗauki martanin jikin dabba a matsayin abin da mutum ke ji a ransa.

Gwajin kansa ma yana da rauni. A 1999 John Crabbe da abokansa suka gwada jinsunan ɓeraye iri ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya, a rana ɗaya da sa'a ɗaya, a garuruwa uku: Portland da Albany a Amurka, da Edmonton a Kanada. Sakamakon ya sha bamban, har a gwajin fargaba. A 2014 aka gano a Montreal cewa warin jikin namiji mai gudanar da gwaji kaɗai yana tayar wa ɓera hankali, na mace kuwa ba ya yi. Sannan shekaru da dama galibi ɓeraye maza ake gwadawa, alhali ciwon ya fi kama mata; sai a 2016 hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a Amurka ta wajabta a riƙa la'akari da jinsi. Magunguna da dama sun yi abin a zo a gani a jikin ɓera, da aka kai su ga mutane suka tashi a tutar babu.

Da aka juya ga mutane, hoton bai fito fes ba. Hotunan ƙwaƙwalwa a 2004 sun nuna ƙarancin 5-HT1A ga masu firgicin farat ɗaya, wanda ya yi daidai da na ɓeraye. Amma a 2015 masana a Uppsala ta Siwidin suka samu cewa masu tsoron shiga jama'a sirotonin suke ƙerawa fiye da kima a cibiyar tsoro. Akwai kuma wata ƙwayar gado ta furotin mai kwashewa da aka yi ta yayatawa tun 1996 a matsayin "gadon fargaba". Da aka sake dubawa da dubban ɗaruruwan mutane, tasirin da aka ce tana da shi a kan ciwon damuwa, wato baƙin ciki da mutuwar jiki masu daɗewa, bai tabbata ba.

Rigimar 2022

Abin da ya faru shi ne, a watan Yulin 2022 Joanna Moncrieff ta Jami'ar Landan da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi a baya, suka ce babu gamsasshiyar hujja cewa ƙarancin sirotonin ne ke kawo ciwon damuwa mai tsanani. Abu biyu ake ɓoyewa idan ana yaɗa labarin. Nazarin a kan ciwon damuwa ne, ba fargaba ba. Kuma bai gwada ko magungunan suna aiki ko ba sa yi ba. Masana da dama sun soki yadda aka zaɓi hujjojin, wasu kuma suka ce ai su tun tuni ba su yarda da labarin ƙarancin ba, kamfanonin magani ne suka tallata shi don ya fi sauƙin sayarwa. A nan Moncrieff tana da gaskiya: an daɗe ana gaya wa marasa lafiya abin da ba a tabbatar ba.

Amma ko magani na aiki, wannan tambaya ce daban, kuma ana amsa ta ne ta hanyar ba wasu maganin gaske, wasu kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da sun sani ba. A irin waɗannan gwaje-gwaje magungunan ISRS sun fi ƙwayar banza ga masu fargaba. Ratar ba ta kai yadda talla ke nunawa ba, ba kowa suke yi wa aiki ba, suna da illoli kamar tashin zuciya da raunin sha'awa, amma ratar tana nan.

Abin da ya shafe mu a nan

Maganin da ya fi taɓa sirotonin a arewacin Kamaru da Chadi ba a asibiti ake rubuta shi ba. Taramol ne. Yawancin 'yan kilando da 'yan dako da manoman da ke shansa sun san shi da kashe gajiya, ba su san ban da aikinsa irin na dangin ofiyom yana kuma hana kwashe sirotonin ba. Wanda ke shan taramol, aka rubuta masa fuloksetin ko amitiriftilin bai faɗa ba, yana iya faɗawa cikin gubar sirotonin: zazzaɓi, gumi, zawo, rawar jiki, fizgar tsoka, ruɗewa, wani lokaci har mutuwa. A ƙasar da duk zazzaɓi na sauro ne har sai an ga akasin haka, wannan abu ne mai sauƙin kuskurewa. Taramol shi kaɗai ma yana jawo farfaɗiya idan ya yi yawa, kuma wanda ya saba da shi, ranar da bai samu ba fargaba ce za ta fara kama shi. Kunyar faɗa wa likita ba ta kai wannan hatsarin ba.

Na biyu diyazefam, wanda masu tallan magani a kasuwa, da waɗanda 'yan Njamena ke kira dokta Shuku, ke miƙa wa duk wanda ya ce ba ya barci. Shi ba ta sirotonin yake aiki ba. Yana kwantar da mutum cikin rabin sa'a, abin da ya sa ake sonsa kenan, kuma cikin makonni jiki ke sabawa da shi. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ba su yarda a riƙa maganin ciwon fargaba da shi ba, sai a halin gaggawa, na 'yan kwanaki.

Sai maganin gargajiya. Ba sai an je Amurka ake ganin katakon nan mai hannu huɗu ba. A Jami'ar Ngaundere Farfesa Elisabeth Ngo Bum da ɗalibanta sun shafe shekaru suna gwada itatuwanmu a jikin ɓeraye, ciki har da kajiji da saiwar tafashiya, wadda suka ruwaito a 2009 cewa tana rage alamun fargaba da farfaɗiya a ɓera. Aiki ne mai kyau, kuma duk iyakokin da aka ambata a sama sun hau kansa: matakin farko ne, ba izinin sayarwa ba. Tafashiyar ma tana da nata labarin. A 2013 aka sanar cewa an sami taramol a saiwarta, aka yi ta murna cewa itacen ne ke ƙera shi. Shekara guda bayan haka masana daga Dortmund ta Jamus suka nuna cewa a yankin Arewa Mai Nisa ana ɗura wa shanun noma taramol, mutane ma suna sha, yana fita ta fitsari ya shiga ƙasa, saiwar ta tsotse.

Mai ciki da ke shan ISRS kada gwajin jariran ɓeraye ya sa ta daina da kanta. Fargaba da damuwar da ba a kula da su ba su ma suna cutar da uwa da ɗa, kuma yanke maganin farat ɗaya yana kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon. Shawara ce da ake yankewa da likita. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 kuma ana son iyali su sa musu ido a makonnin farko, domin ƙalilan daga cikinsu tunanin kashe kai kan ƙaru a lokacin.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Kamaru sun fi taruwa a kudu, a asibitin Jamot na Yawunde da Laquintinie na Duwala, tafiyar da ba kowa ke iya yi ba. Shi ya sa shirin mhGAP, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, ya dogara ga horar da nas-nas da likitocin gama-gari, kuma a 2023 aka ƙara masa babi na musamman kan fargaba. Ba ƙwaya kaɗai ke ciki ba. Akwai zaman tattaunawa da ake koya wa mutum yadda zai tunkari abin da yake gudu sannu a hankali, da dabarun numfashi, da motsa jiki, kuma ga mutane da yawa waɗannan suna yin aikin da ƙwaya ke yi. Kafin ma a kai nan, ma'aikacin lafiya na gari zai duba ko ƙarancin jini ne, ko ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu, zai kuma tambayi yawan goro da shayi da Nescafé da mutum ke sha a yini, domin duk suna iya kawo bugun zuciya da rawar hannu iri ɗaya da na fargaba.